Takarda, roba ko alminiyam: kundin haɗa lasifikar falo a Katsina

Asabar, 30 ga Nuwamba 2024

Yau na sauko da akwatunan lasifikar marigayi Baba daga saman kwaba. Tun rasuwarsa ba wanda ya kunna su. Na sa yatsa a zoben soson da ke riƙe da bakin kwalin, sai ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Akwatunan ma sun gama aiki: katakon garin itace ne da aka matse, gara ta ci gindin ɗaya, ɗayan kuma ya kumbura tun wata damina da rufi ya yi yoyo. Amma kwalin kansa, wato abin nan mai siffar malfa da ke tura iska, lafiyarsa ƙalau. Takarda ce baƙa, mai inci 6 da rabi, ba yagewa ba lanƙwasa.

Niyyata in haɗa sababbi guda biyu na falo. Ba na biki ba, ba na gidan kallo ba. Abin da za a ji karatun Alƙur'ani da asuba, labarai da yamma, da ɗan kiɗan gargajiya ranar hutu, ba tare da kunne ya gaji ba. Tambayar da ta hana ni barci ita ce: in gyara na Baba, ko in sayi na zamani masu roba ko ƙarfe?

Na je wurin Kawu a shagonsa can wajen Ƙofar Marusa, inda na koyi riƙe dalma tun ina firamare. Ya juya ɗaya a hannu, ya ɗan ƙwanƙwasa kwalin da farce kusa da kunnensa.

"Injiniya, mi za ka saya? Da tsohuwar zuma aka magani."

Na ce, "Kawu, bari dai in auna tukuna."

Ya yi dariya. Kullum haka muke da shi.

Asabar, 14 ga Disamba

Yanzu ina da 'yan takara uku, duk masu inci 6 da rabi. Na Baba na takarda. Wasu na roba, irin wadda ake kira folifirofilin, da na samo a wurin masu kayan mota na gwanjo. Sai na alminiyam da wani abokin aikina ya taho mini da su daga kasuwar Alaba ta Legas, masu sheƙi kamar sabon murfin tukunya. Uwargida na ganinsu ta ce waɗannan za a sa. Ban ce komai ba, don ni ma zuciyata can ta karkata.

Tsarin dukkansu ɗaya ne, kuma tsohon tsari ne. A 1925 Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka bayyana shi: naɗin waya a cikin siririn rami tsakanin maganaɗisu, an manna shi da kwalin takarda. Wuta ta bi naɗin, ya yi gaba ya yi baya, kwali ya bi shi, iska ta kaɗu. Shekara ɗari ke nan ba a sauya ƙashin bayan abin ba. Rigimar duk a kan kwalin take.

Abu uku ake nema a jikinsa, kuma ba sa zama a inuwa ɗaya. A samu rashin nauyi don ya tashi da ƙaramar wuta. A samu tauri don ya tafi gaba ɗaya kamar murfi, kada tsakiya ta tafi baki ya tsaya. Na uku, wanda masu talla ba su cika faɗa ba, ya iya yin shiru da kansa da zarar an daina tura shi.

Wannan na ukun a wurin maƙwabcinmu makaɗi na gane shi. Fatar kalangu ana ɗaure ta ne don ta yi muryarta. Ka buga sau ɗaya, ta ci gaba da amo, wannan amon shi ne kalangun. Kwalin lasifika kishiyar haka ake so. Aikinsa ya ari muryar kalangu, ya ari ta mai karatu, ya ari ta kukuma, shi kuma kada a ji tasa ko kaɗan. Sai dai babu abin da Allah ya halitta wanda ba shi da muryarsa. Na ƙwanƙwasa ukun kamar yadda Kawu ya yi. Takarda ta ce "tuk" ta mutu nan take. Roba ta ce "ɗuf", ta fi ma saurin mutuwa. Alminiyam ya ce "tin", kuma na ji wutsiyar amon tana ja.

Laraba, 18 ga Disamba

Na sauya zoben bakin na Baba. Kawu ya so in sa na ƙyalle irin na lasifikun masu wa'azi, don yana daɗewa, amma yana da tauri, zai hana kwali tafiya mai nisa, muryar ƙasa ta ragu. Soso kuwa na ga abin da zafi da shekaru suka yi masa. Na sa na baƙar roba. Na yanke hular tsakiya, na cusa siraran yankan tsohon hoton asibiti na ƙashi a kewayen naɗin don ya tsaya daidai tsakiyar rami, na shafa gam, na bar su su kwana.

Asabar, 28 ga Disamba

Ranar awo. Kayan aikina kwamfuta, manhajar REW wadda kyauta ce, rizista (ɗan abin da ke rage wuta) mai om 100, om kuwa ma'aunin juriya ga wuta ne, da 'yan wayoyi. Na rataye kowace lasifika da igiya a tsakiyar ɗaki don kada bango ko tebur su sa baki.

Abin da ake nema su ne alƙaluman da Neville Thiele ya fara shimfiɗawa a Ostareliya a 1961, Richard Small ya faɗaɗa su a farkon shekarun 1970. Uku ne manya. Fs, inda lasifika ta fi son rawa da kanta. Qts, yadda take iya tsayar da wannan rawar; in adadin ya yi yawa, tsayarwar ta yi rauni. Vas, laushin zobe da ƙyallen da ke riƙe da naɗi, an auna shi da litar iska.

Don sanin nauyin abin da ke motsi, sai ka manna wani nauyi da ka sani, ka ga yadda Fs ta sauka. Na kai ɗan curin kakin zuma wurin mai sayar da zinari ya auna mini giram 10 cif a sikelinsa. Ya tambaye ni ko magani ne, na ce kusan haka.

Na takarda: Fs 58 Hz, wato kaɗawa 58 a daƙiƙa, da kaki ta sauka 42. Lissafi ya ba da giram 11. Qts 0.5, Vas lita 17. Na alminiyam: Fs 43 Hz, nauyi giram 16, Qts 0.45. Na roba: Fs 65 Hz, om 4 ne ba 8 ba, Qts kuwa har 0.9.

Wannan 0.9 ta cire na roba daga takara, kuma ina so in yi mata adalci: ba laifin robar ba ne. Lasifikar ƙofar mota ce, an yi ta da ƙaramin maganaɗisu don ta yi aiki a ƙofa, ba a rufaffen akwati ba. Ka kulle ta a ƙaramin akwati sai ta riƙa gunji a wuri ɗaya. Da ban auna ba, da na haɗa na ji gunjin, na fita ina gaya wa mutane roba ba ta da kyau. Ina zargin rabin abin da ake faɗa a kan "muryar roba" da "muryar ƙarfe" haka aka samo shi, an ji aikin maganaɗisu ko na akwati an ɗora wa kwali. Ita folifirofilin tana da tarihinta mai kyau. Injiniyoyin BBC a Ingila ne suka gaji da yadda kwalin takarda ke fitowa daban-daban daga masana'anta ɗaya, suka koma robar Bextrene a shekarun 1960, daga baya ɗaya daga cikinsu, Dudley Harwood, ya kawo folifirofilin, ya kafa kamfanin Harbeth a 1977. Ba ta shan ruwa, gara ba ta ci. A ƙasa irin tamu ba ƙaramin abu ba ne.

Na ba ƙanena na robar ya sa a motarsa.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Na fito da su tsakar gida bayan sallar asuba, kafin masu babur su fara wucewa. Sanyi kamar ya tsaga hannu, hazo ya rufe ko'ina. Na ɗora kowace a kan faffaɗan allo, makirufo a gabanta, na bar kwamfuta ta yi mata kuka daga ƙasa zuwa sama, tana zana layin ƙarar da makirufo ya ji.

A nan na ga "tin" ɗin nan da idona. Layin alminiyam ya miƙe sumul tun daga ƙasa har wajen 3,000 Hz, ya fi na takarda kyau nesa ba kusa ba. Sai a 5,400 ya yi tsalle sama da dB 12 (dB ma'aunin ƙarar sauti ne), tsini kamar hasumiyar Gobarau a tsakiyar gari. Na takarda kuwa tun daga wajen 1,200 ya fara 'yan tuddai da kwaruruka, ba wanda ya wuce dB 2 ko 3, sannan ya gangara a hankali bayan 4,000.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kowane kwali akwai inda zai gaza tafiya gaba ɗaya, jikinsa ya fara lanƙwasa, wani sashe na gaba wani na baya. Inda hakan ke farawa ya danganta da saurin tafiyar sauti a cikin abin da aka yi shi da shi. A alminiyam sauti na gudun wajen mita 5,000 a daƙiƙa, a folifirofilin bai kai 2,000 ba. Shi ya sa ƙarfe ke jinkirta lanƙwasar har can sama. Amma ƙarfe ba ya cinye rawar da ta shige shi, don haka ranar da lanƙwasar ta zo sai ta zo da ƙarfinta duka a wuri ɗaya. Takarda zaruruwa ne a cakuɗe, suna gogar juna, kowace rawa ta shiga sai ta zama ɗan zafi ta ɓace. Tana fara kuskure da wuri, amma ƙanana ne, a warwatse.

Wani abin da ya ba ni mamaki lokacin da na fara karanta shi: baƙin ƙarfe, alminiyam, taitaniyam da magniziyam duk saurin sautinsu kusan ɗaya ne, wajen 5,000 ɗin nan, don wanda ya fi tauri ya fi nauyi. Beriliyam ne ya fita zakka, ya haura 12,000, ga shi bai kai alminiyam nauyi ba. Kamfanin Yamaha ya sa shi a lasifikarsa NS-1000M tun 1974. Tsadarsa ba ta talaka ba ce, ƙurarsa kuma guba ce ga huhu. A gidan da yara ke tsokanar komai da yatsa, ko kyauta aka ba ni sai na yi tunani.

Za a ce ai tsinin yana 5,400, ni kuma zan yanke muryar lasifikar tun kafin nan. Haka ne, amma akwai tarko. Babu injin da yake tsaf. In ka ba shi 1,800 Hz, yana haifar da ɗan ƙaramin amo a ninki uku, wato 5,400, daidai kan tsinin, shi kuma tsinin ya ɗaga shi. Wannan a cikin lasifikar ake haifar sa, bayan wutar ta riga ta wuce abin da ke yanke muryar. Ga shi 1,800 tsakiyar muryar mutum ce.

Ƙarin abu: da wuta iri ɗaya, na takarda ya fi na alminiyam ƙara da wajen dB 2 da rabi. Amfilifayata, wato na'urar da ke ba lasifika wuta, ƙaramin allo ne mai TPA3116, daga batirin sola take ci. A kan bolt 12 da lasifika mai om 8, abin da za ta iya bai wuce wat 9 ba. Bambancin dB 3 ninkin wuta ne. Ke nan giram 5 ɗin nan da alminiyam ya ɗara takarda, da batirina zan biya su.

Asabar, 25 ga Janairu

Ɓarna, kuma tawa ce. Ɗaya daga cikin na Baba ta fara ƙarar shafa, "kar-kar", in muryar ƙasa ta zo. Na tuna: ranar da na yanke hular tsakiya, na bar ta a buɗe kwana biyu a kan tebur ɗin da nake goge ƙarfe da zarto, ga iskar hunturu tana shigowa ta taga. Maganaɗisu ba ya barin garin ƙarfe ya wuce. Ramin da naɗi ke kai-komo a ciki ɗan siriri ne ƙwarai, ƙwaya ɗaya ta isa.

Na sake yanke hular, na naɗe salatif da gefen gam a waje, na riƙa zura shi a ramin ina zagayawa. Sau bakwai kafin ya fito fari. Kawu yana zaune yana kallo, bai taimaka ba, bai kuma yi shiru ba.

"Kwamfutar ba ta hwaɗa maka ka rufe ba?"

"Ba ta faɗa ba, Kawu."

"To."

Tunda ina shagon, na ɗauki wata matacciyar lasifika na gwada shawarar da ake yawan bayarwa, ta shafa wa takarda farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa don kare ta daga laima. Na shafa sau biyu. Da ta bushe nauyinta ya ƙaru da giram 2, ƙararta ta ragu da fiye da dB 1, saman muryarta ya dusashe. Na Baba ba zan shafa musu komai ba sai na ga abin da damina za ta yi.

A shagon na ga faifan cikin ƙahon lasifikar wani masallaci da aka kawo gyara. Ƙyalle ne da aka jiƙa da wani irin ƙaro aka gasa, launin ƙasa-ƙasa. Ba a zaɓe shi don daɗin murya ba. An zaɓe shi don ya kwana a saman hasumiya rana da ruwa, ya sha kiran salla sau biyar kullum bai fashe ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Akwati. Rufaffe zan yi, marar hujin iska. Dalilin littafi: Qts 0.5 da Vas lita 17, in ka ba ta akwati mai lita 17, Qtc, wato Qts ɗinta a cikin akwati, zai zo 0.7, muryar ƙasa ta sauka lafiya zuwa wajen 82 Hz sannan ta gangara ba gunji. Dabarar rufaffen akwati wadda iskar ciki ke zama kamar sifirin, Edgar Villchur ne ya fito da ita kasuwa a 1954. Dalilin gida kuwa zanzaro ne. Duk wanda ya taɓa ajiye rediyo a Katsina ya san babu hujin da zanzaro zai gani bai gina ɗakinsa na laka ba. Ga kyankyaso, ga ɓera.

Na kai wa kafinta zane. Falankin filawud mai kauri milimita 18, faɗin fuska santimita 21, da sanda ɗaya a ciki tana riƙe gefe da gefe. Ya duba ya ce, "Malam, wannan ai bai kai jarkar mai ba. Bari in ƙara maka girma, kuɗin ɗaya ne." Na roƙe shi don Allah kada ya yi mini wannan alherin. Ramin fuskar iri ɗaya ne ga na takarda da na alminiyam, don in iya musanyawa. Ciki na cika da audugar matashin kai, ba a danne ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Twita, wato ƙaramar da ke ɗaukar siririyar murya. Dole a same ta, don kwali mai faɗin santimita 13 yana fara harba sauti gaba kawai kamar tocila da zarar tsawon igiyar sautin ya kusa faɗinsa. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa a iska, ka raba da 0.13 ka samu wajen 2,600 Hz. Daga nan sama, wanda ke zaune a gefen falo ba zai ji abin da na tsakiya ke ji ba.

Na gwada uku. Mai araha ta fiyezo, wadda ke cike da kasuwa, tana tsiwa kamar an watsa ruwa a mai. Araha ba ta ado. Ta taitaniyam daga lasifikar biki ta fi ƙarfin falo. Na tsaya a kan mai ƙoƙon ƙyalle, inci 1, da ake kira ta siliki. Rigimar dai ita ce ta kwali, a ƙaramin jiki: ƙyalle na lanƙwasa da wuri amma yana haɗiye rawarsa, ƙoƙon ƙarfe na daurewa har sama da 20,000 Hz sannan ya yi ƙara. Bambancin shi ne a twita tsinin ƙarfe kan faɗa inda kunnen mutum ba ya kaiwa, don haka a nan ba ni da ƙorafi a kan ƙarfe. Abin da na samu mai kyau ne ya zo da ƙyalle.

Tsofaffin twitocin Baba na auna su, ɗaya ta yi ƙasa da 'yar'uwarta sosai. Da na buɗe, ruwan maganaɗisun da ake ɗurawa a ramin don sanyaya naɗi ya kafe ya zama kamar kwalta. Na ajiye su a kwali.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi. Ban taɓa komai ba sai naɗa waya bayan tarawi. Na sayo wayar jan ƙarfe wurin masu naɗin fanka, ina naɗa ta a guntun bututun ruwa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mai raba murya tsakanin babba da ƙarama. Littafi ya ce don rabawa a 2,500 Hz da om 8, a tsarin injiniyoyi Linkwitz da Riley mai hawa biyu, a sa kafasita mai maikurofarad 4 da naɗi mai milihenri 1 a kowane ɓangare, a kuma juya wayoyin twita. Na yi haka, na kunna, sai murya ta fito ba ƙirji, kamar mai magana ta hanci.

Abu biyu littafin ya ɗauka waɗanda ba haka suke ba. Lasifika ba om 8 ba ce a ko'ina, tana hawa yayin da murya ke sirancewa. Sannan fuskar akwati mai santimita 21 tana tura sautin da ya haura wajen 500 Hz gaba, na ƙasa da haka kuwa yana zagayawa baya, sai ƙasan ya yi rauni. Na ƙara naɗin babbar zuwa milihenri 1.5, na rage wa twita ƙarfi da rizista biyu. Ƙirjin ya dawo. Kayan na takarda duka guda shida ne.

Na alminiyam sai da na sauko da rabawar zuwa wajen 2,000, na ƙara wani tarko na musamman mai kaya uku don danne tsinin 5,400. Kwana huɗu ina fama da shi.

Zafi ya kai inda ya kai, ma'aunin ɗaki na nuna 39. Don sha'awa na ciro ta takarda na sake auna ta a rataye: Fs ta sauko daga 58 zuwa 53. Kwalin bai sauya ba, roba da ƙyallen da ke riƙe shi ne suka yi laushi, wani ɓangare saboda zafi, wani saboda sun fara sabawa da aiki. Shi ma jan ƙarfen naɗi juriyarsa na ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Lasifikar da aka auna a ɗaki mai digiri 20 a Turai, in ta zo Katsina a Afrilu, ta riga ta fara da bashin digiri 20 kafin a kunna ta.

Lahadi, 4 ga Mayu

An ce gani ya kori ji. Yau na so ji ya kori gani. Akwati ɗaya da takarda, ɗaya da alminiyam, kusa da juna, a bayan siririn labule. Murya ɗaya nake aika wa kowane, ina musanyawa da makunni. Na daidaita ƙararsu da makirufo tukuna, don in ba haka ba wadda ta fi ƙara ita ce kullum za ta ci.

Alƙalai uku: Kawu, uwargida, da maƙwabcinmu makaɗi. Na sa karatu, na sa labarai, na sa wani ɗaukar kalangu da kukuma da shi maƙwabcin ya ba ni a wayarsa.

A karatu da labarai ba wanda ya iya rabe su da tabbaci. Kawu ya nuna ta hagu ya ce, "Wagga ita ce ta babanku, ko cikin barci na san ta." Alminiyam ce. Ban gaya masa ba sai da aka gama, kuma da na gaya masa ya ce labulen ne.

A kalangu aka samu magana. Maƙwabci ya sa na maimaita wuri ɗaya sau biyar, idonsa a rufe. Ya ce ta hagu ta fi fito da saukar murya lokacin da makaɗi ya saki tsarkiya, ana jin gindin gangar. Gaskiyarsa, a akwatin nan alminiyam na sauka har wajen 65 Hz, takarda ta tsaya a 80. Amma ya ce a kukuma, in an ja izga da ƙarfi, ta hagu "tana sa mata haƙori". Ta dama ba ta yi. Uwargida ta ce ita dai ta dama ce za ta iya bari a kunne tana aiki. Da aka ɗaga labule ta ga ba mai sheƙin ta zaɓa ba, ta ce to a rufe fuskar da ƙyalle, don baƙar takardar nan ba ta yi kama da kayan falo ba.

Mutum uku a falo ɗaya ba hujja ba ce a kan takarda da ƙarfe na duniya. Wataƙila wanda ya fi ni iya haɗa tarko zai cire wa alminiyam haƙorin. Kamfanoni manya suna yin haka, wasu kuma suka bi ta tsakiya, kamar Bowers & Wilkins da suka ɗauki saƙar zaren Kevlar mai ƙarfi a shekarun 1970. Amma da kayan da ke hannuna, da wat 9 ɗina, na Baba za su shiga akwatunan.

Asabar, 21 ga Yuni

An yi fenti, an ɗinka ƙyallen fuska. Falon tayil ne da bangon siminti, sauti na dukan bango yana dawowa. Da na shimfiɗa kafet na janye akwatunan taku biyu daga bango, canjin da na ji ya fi duk bambancin da muka sha wahalar nema a bayan labule. Na ɗan ji haushin hakan.

Zanzaro ya zo. Bai samu huji ba, ya gina a ramin dunƙulen wayar baya.

Asabar, 16 ga Agusta

Kwana uku ana ruwa, gishiri ya jiƙe a kicin, ƙofar ɗaki ta kumbura ba ta rufuwa. Maƙwabci tun safe yake gasa fatar gangarsa a bakin murhu. Wannan ce ranar da nake jira tun Janairu.

Na kwance ɗaya na rataye. Fs 54 Hz. Da kakin mai zinari, nauyi ya fito giram 11 da ɗan ɗoriya, ƙarin da bai wuce kuskuren awona ba. Na mayar da ita akwati na sa makirufo. Daga ƙasa har 1,000 Hz layin ya hau kan na Afrilu. Sama da nan tuddan sun ɗan matsa ƙasa, na wajen 3,500 ya kwanta da kamar dB 1. Takardar ta sha laima, ta ɗan saki jiki. Na zauna na saurari labaran rana da kyau ina neman bambancin, ban kama shi ba.

Don haka ba zan shafa gam ba bana. Zan sake awo a Disamba in hunturu ya busar da ita, in ga ko tudun 3,500 zai koma inda yake.

Na alminiyam suna cikin kwalinsu a ƙarƙashin gado. Tunda ƙasa suka fi iyawa, ina tunanin haɗa su biyu a akwati ɗaya mai lita 40, a yanke su a 100 Hz, nesa da tsininsu, su riƙa tallafa wa na Baba. Sai na samu batiri na biyu, don wannan aikin bolt 24 yake so. Kawu kuma ya aiko yaro da yamma, wai in kai masa twitocin nan da ruwansu ya kafe, akwai wanda ya kawo irinsu gyara.